Yadda Ake Yi Wa Fure Da Ganye Rigar Sukari

A zamanin nan da wuya a yi bikin aure ko walimar sauke karatu a birni ba a ga kek a kan tebur ba, kuma da wuya a ga kek ɗin haka nan babu ado. Adon kuwa iri uku ne. Akwai furen roba wanda ake saye a kanti a soka, in an zo yankawa a zare shi a yar. Akwai wanda ake murzawa da ƙullin sukari a ba shi siffar fure. Wannan ana cinsa, amma suna kawai ya ara, bai taɓa ganin lambu ba. Na ukun shi ne fure na ainihi, wanda ya tsiro a ƙasa ya sha ruwa, aka tsinko shi aka yi masa riga da sukari har ya bushe ƙarau, launinsa da ƙanshinsa suna nan, mutum ya ɗauka ya jefa a baki ya ji ƙurus. A kan wannan na ukun nake so in yi bayani, domin amfanin 'yan'uwana ɗalibai masu darasin girki da tattalin gida, da kuma iyayenmu mata waɗanda suke yin kek na sayarwa.

Sana'ar nan ba a ƙasarmu aka haife ta ba, ko da yake a gaba za mu ga cewa muna da hannu a cikinta ba mu sani ba. A Indiya aka fara gano yadda ake dafa ruwan rake har ya zama ƙwayar sukari. Daga can ya shiga Farisa, Larabawa kuma suka kai shi Masar da Sisili da Andalus. Kalmar sukari ma daga Larabci muka aro ta. Masu magani na Larabawa da Farisawa su ne suka yi suna wajen cuɗa fallayen furen wardi da sukari ko zuma, su ajiye a tulu su riƙa bai wa marasa lafiya. Har yau mutanen Indiya suna yin irin wannan haɗi, suna kiransa gulkand. Sa'ad da sukari ya isa Turai tsada gare shi ƙwarai, a shagon magani ake sayar da shi, ana aunawa kaɗan kaɗan. Sai da ya yawaita a gidajen masu hali sannan matan Ingila suka mai da shi abin gwaninta. A farkon shekarun 1600 wani Baturen Ingila mai suna Hugh Plat ya wallafa wani ɗan littafi domin matan gida, a ciki har da yadda ake yi wa furanni rigar sukari. Suna da dalilinsu. A ƙasarsu sanyi yakan kwashe watanni babu fure ko ɗaya a lambu, saboda haka wadda ta iya adana furen bazara ta fito da shi a tsakiyar sanyi ta ɗora a kan abinci, ta nuna wa baƙi cewa ita uwargida ce ta gaske.

Garin da ya fi kowane suna a wannan sana'a shi ne Tulus, a kudancin Faransa. Furen da suke ji da shi sunansa bayolet. Ɗan ƙarami ne, bai fi farcen babban yatsa ba sosai, launinsa shunayya, watau tsakanin shuɗi da ja, ga ƙanshi, kuma da sanyi yake fure, daga Oktoba zuwa Maris. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 19 masu lambu a arewacin garin suka fara nomansa. A 1908 suka kafa ƙungiyar gama kai, suna aika dammansa zuwa wasu ƙasashen Turai, masu alewa kuma suna yi masa rigar sukari suna sayarwa a 'yan gwangwanaye. To, irin nasu ba ya yin iri, sai dai a yanki reshe a dasa, kuma shukar da ake yaɗawa ta wannan hanya takan gaji cutar uwarta. Ana cikin fama da wannan sai ga matsanancin sanyin Fabrairu na 1956, wanda ya kashe shuka mai yawa. Manoma suka yi ta barin sana'ar, har ƙungiyar ta rufe a 1983. A 1985 wani masanin aikin gona, Adrien Roucolle, ya tashi tsaye don kada irin ya ɓace, aka riƙa rainon tsiro marasa cuta a ɗakin bincike ana mayarwa lambu. Yanzu garin yana yin bikin furen bayolet a watan Fabrairu. A Biyenna ta ƙasar Ostiriya ma akwai wani tsohon shagon kayan zaƙi, Demel, wanda tarihinsa ya faro daga 1786, ana kuma cewa sarauniya Elizabet, wadda ta rasu a 1898, ba ta da abin marmarin da ya wuce bayolet mai sukari.

Yanzu bari mu zo ga tambayar da in mutum ya gane amsarta, sauran aikin duk zai zo masa da sauƙi. Me ya sa furen da aka tsinka yake yanƙwanewa kafin magariba, ya ruɓe bayan kwana biyu, amma wanda aka yi wa rigar sukari ya yi watanni? Amsar ita ce ruwa. Fallen fure ɗanye galibinsa ruwa ne. Fumfuna da ƙwayoyin cuta kuwa ba sa iya hayayyafa sai da ruwa. Shi kuma sukari kwaɗayin ruwa gare shi. In ya kwanta a jikin fure sai ya tsotso ruwan da ke ciki ya fito da shi waje, iska ta ɗauke, ɗan abin da ya rage kuma sukarin ya riƙe shi gam, ƙwayar cuta ba ta samun ko ɗigo. Sa'an nan rigar ta sandare ta zama kamar ɓawo, ta tallafe fallen kada ya nannaɗe. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu kilishi ya ga irin wannan dabara. Ba don ado suke fere nama siriri kamar takarda ba, don ruwan ya sami hanyar fita da sauri ne. Haka kuma zuma takan shekara a kwalba ba ta lalace ba, saboda zaƙinta ya fi ƙarfin abin da zai ruɓar da ita.

Amma kwaɗayin nan na sukari ba ya ƙarewa da furen. Bayan ya gama da ruwan fure, sai ya koma neman na iska. Kowace uwargida ta san yadda sukari yake dunƙulewa a gwangwani da damina. Saboda haka abin da ya adana furen shi ne kuma zai iya ɓata shi, in aka bar shi a inda akwai laima. Tun daga tsinka har zuwa ɗorawa a kan kek, aikin mai yin wannan ado ɗaya ne: ya fitar da ruwa, ya kuma hana shi dawowa.

Kafin a taɓa sukari akwai maganar da ta fi kowace muhimmanci, ita ce zaɓen furen. A nan ne wasa yake iya zama kuka. Sukari yana hana ruɓa, amma ba ya kashe dafi, rufe ɗacinsa ma yake yi, ɗacin da shi ne zai sa yaro ya tofar. Furanni da yawa kyan ɗan maciji gare su. Zaƙami yana da farin fure dogo mai kama da kakaki, abin sha'awa, amma kowa ya san abin da yake yi wa hankalin mutum, yana kuma kisa. Tumfafiya tana da 'yan furanni fari da shunayya masu kyan gani, dafinta kuwa zuciya yake taɓawa. Haka bini-da-zugu da ake shinge da shi. Sai kuma wanda ya fi ba ni tsoro, domin shi a harabar makarantu da ofisoshi da gidajen ma'aikata ake dasa shi don ado, watau oliyanda, ɗan itacen nan mai dogayen ganye sirara da fure ja-ja ko fari. Kowane sashe nasa dafi ne, daga saiwa har fure, kuma bushewa ba ta rage masa komai. Yana da ɗan'uwa mai rawayan fure kamar ƙararrawa, shi ma haka.

Wasu sukan ce ai duk shukar da in an karya ta take fitar da farin ruwa kamar nono a guje ta. Wannan shawara ce mai kyau, amma ba ta isa ba, don zaƙami ba shi da nonon. Wasu kuma su ce ai sun ga akuya tana ci. Cikin akuya daban, na ɗan Adam daban. Har ma shukar da muke cin 'ya'yanta ba dole ne furenta ya ciwu ba: muna cin tumatir da dankalin Turawa, amma ba a cin furensu ko ganyensu. Doka ɗaya ce kawai ba ta da tangarɗa. Kada a yi aiki da fure sai wanda aka san sunansa, aka kuma tabbata abinci ne. In akwai shakka ko kaɗan, a tambayi malamin aikin gona ko na kimiyyar halittu, in kuwa shakkar ba ta gushe ba a bar shi a jikin uwarsa.

Ko furen da ake ci ma sai an san inda ya fito. Wardin da ake sayarwa a ɗaure don kyauta ko adon ɗakin taro, an yi masa feshin maganin ƙwari wanda ba a yi shi don cikin mutum ba, wanki kuma ba ya fitar da shi duka. Na bakin titi ya sha hayaƙin mota da ƙura. Wanda ya dace shi ne na lambun gida ko na makaranta, wanda ka san ba a taɓa yi masa feshi ba.

To, me muke da shi? Wardi shi ne sarki, yana kuma yi sosai a wurare masu sanyi kamar Jos, a wasu garuruwan ma yakan yi in ya sami ban ruwa da inuwa. Akwai furen lemo, fari mai ƙanshi. Akwai furen zogale, wanda dama ana cinsa, sai dai yana da ɗan yaji-yaji, ba kowa zai so shi a kan kek ba. Furen kabewa ana cinsa, amma ya cika girma da laushi, ba ya riƙe siffarsa. A cikin ganyaye kuwa babu kamar na'ana'a. A ganina duk mai koyo da ita ya kamata ya fara, domin tana da arha, tana da ƙwari, ba ta yagewa a hannu, kuma ɗanɗanonta da sukari ya fi na alewa da yawa da ake sayarwa a kanti. Ɗoɗɗoya ma tana yi ga mai son ƙanshinta. Zoɓorodo yana da tasa hanyar dabam, za mu zo kansa.

Sukari ba ya manne wa fure haka kawai, sai an shafa wani abu mai danƙo tukuna. Abu biyu ake amfani da su. Na farko farin ƙwai ne, watau a fasa ƙwai a ware gwaiduwar. Shi ya fi sauƙin samu, shi ne kuma yawancin masu koyarwa suke ambata. Amma a tuna, ɗanye za a shafa shi, kuma ba za a dafa ba. Ɗanyen ƙwai yakan ɗauki wata ƙwayar cuta mai suna salmonela, wadda take kawo zazzaɓi da amai da gudawa, ta fi kuma yi wa ƙananan yara da tsofaffi da masu juna biyu illa. Bushewa ba ta kashe ta. Kek ɗin biki kuwa mutum nawa ne za su ci? A manyan kantuna akan sami garin farin ƙwai wanda aka riga aka kashe ƙwayoyin cutarsa da zafi, in an same shi babu laifi.

Na biyun shi ne inda na ce muna da hannu. Ƙaro ne. I, ƙaron nan da almajirai suke jefawa a tawada don ta kama allo ta yi sheƙi. Turawa suna kiransa ƙaron Larabawa saboda ta tashoshin Larabawa ya riƙa isa gare su a da, amma itatuwansa a ƙasashenmu suke. Mafi kyawunsa daga dakwara ake samu. Da rani ake ɗaye ɗan ɓawon itacen, bayan 'yan makonni a dawo a tarar ruwan ya fito ya daskare dunƙule dunƙule. Sudan ce ta fi kowace ƙasa samar da shi, sai Cadi da Nijeriya, inda ake tara shi a jihohin Borno da Yobe da Jigawa. Kamfanonin lemon kwalba da na alewa da na magunguna a duniya ba sa iya yi sai da shi, shi ya sa da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 hankalinsu ya tashi. Watau abin da mai shagon alewa a Faransa yake oda daga nesa ya biya da tsada, mu a kasuwar ƙauye ake auna mana shi. Ƙaro ya fi ƙwai ta kowace fuska in ban da saurin haɗawa. Ba shi da ƙarni, ba shi da haɗarin salmonela, kuma furen da aka yi da shi yakan yi watanni, alhali na ƙwai bai kamata ya wuce 'yan kwanaki ko mako biyu ba.

Sai dai a kula wajen saye. A nemi ƙaron dakwara, a zaɓi farare masu haske, a bar masu duhu da waɗanda ɓawo da yashi suka maƙale musu. Kada a rikita shi da ƙaron maje ko na ararraɓi, waɗannan na turaren wuta ne. Gwajin mai sauƙi ne: ƙaron ci yana narkewa a ruwa, na turare ba ya narkewa. A ɗauraye shi da sauri, a shanya, a daka ya yi gari. A zuba cokalin shayi ɗaya na garin a cikin cokalin shayi uku na tafasasshen ruwa da ya huce, ko ruwan wardi na girki in akwai. A rufe a bar shi ya kwana, don ba ya narkewa da gaggawa. Da safe a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Kaurin da ake so kamar na man gyaɗa ne. In ya fi haka a ɗiga ruwa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Wanda ya zaɓi ƙwai kuwa, sai ya sa cokalin shayi ɗaya na ruwa a farin ƙwai guda, ya kaɗa a hankali da cokali mai yatsu har yauƙin ya tsinke. Kada ya buga shi ya yi kumfa, don kumfa tana barin tabo.

Shi ma sukarin yana da nasa sharaɗi. Wanda muke sha da shayi ƙwayarsa ta yi girma, nauyinsa yakan karya fallen, kuma ba ya rufe ko'ina. Garin sukarin da ake lulluɓe kek da shi kuma ya yi laushi da yawa, da ya taɓa danƙo sai ya narke ya zama farin kwaɓi, ya binne launin furen. Tsaka-tsaki ake nema, kamar lallausan yashi. A zuba na shayin a injin markaɗe busasshe a kunna na 'yan daƙiƙu, ko a ɗan daka shi sama-sama a turmi. Turmin dai kada ya zama wanda aka daka yaji ko daddawa a ciki, in ba haka ba baƙi za su daɗe suna labarin kek ɗin. Mazarƙwaila ba ta yi ko kaɗan, tana da laima kuma launinta zai rufe na furen.

Da hantsi ake tsinka, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. A zaɓi wanda ya buɗe ranar, marar tabo ko cizon tsutsa. A girgiza shi a hankali don 'yan ƙwarin da suka ɓuya su faɗo. In ya yi ƙura a tsoma shi a ruwa sau ɗaya a shimfiɗa a kan ƙyalle har ya bushe sarai, domin danƙo ba ya kama jiƙaƙƙen fure. Babban fure irin wardi sai a rarraba shi falle falle, a yanke ɗan farin gindin kowane falle, nan ne ɗacinsa yake. Ƙananan furanni ana yinsu sukutum, amma a cire 'yan zaren tsakiya masu rawayan gari. Kada a tsinki fiye da abin da za a iya gamawa cikin sa'a guda.

Daga nan sai zama. A riƙe fallen da hantsaki ko da ɗan guntun karansa, a ɗauki sabon ƙaramin burushi irin na zane, wanda bai taɓa shiga fenti ba, a shafa danƙon ciki da baya, har cikin kowane lungu. Shafar ta zama siririya, a jiƙa kawai ba a yi masa wanka ba. Duk inda burushi ya tsallake, nan ne iska za ta shiga, wurin ya yi baƙi bayan kwana biyu. Inda kuma danƙon ya taru, sukari zai dunƙule ya ƙi bushewa. Shi ya sa ban yarda da masu tsoma furen gaba ɗaya a kwano don su huta ba, sauri ya haifi nawa. Ana gama shafawa sai a riƙe shi a bisa faranti a barbaɗa sukari da cokali ko ɗan mataci, a juya a barbaɗa wa bayan, a ɗan karkaɗe ragowar, a kwantar a kan takarda mai santsi irin wadda ake shimfiɗawa a gwangwanin gasa kek. Kada su taɓa juna. Mai son fallen wardi ya fito a lanƙwashe kamar yadda yake a jikin uwarsa, sai ya kifa shi a bayan cokali ya bushe a haka.

Wajen shanya mu Allah ya ba mu abin da Turawa suke kashe kuɗi su samu. Su sai sun kunna murhun gashi a mafi ƙarancin zafinsa, kamar digiri 50, su bar ƙofar a ɗan buɗe na sa'o'i. Mu kuwa da hunturu, lokacin da leɓe yake tsagewa, wanki kuma yake bushewa kafin a gama shanya, iskar ɗaki kaɗai ta isa. Yini ɗaya zuwa biyu sun bushe. Amma hunturu da ƙura yake tafe, saboda haka a rufe da ƙyallen gidan sauro mai tsabta, a ɗaga shi kada ya taɓa su. Kada a kai su rana, tana cinye launi. Kada kuma a manta da kiyashi, waɗanda ba sa jiran goron gayyata. A sa ƙafafun teburin a cikin gwangwanayen ruwa. Bayan sa'o'i kaɗan a ɗaga kowane falle a sauya masa wuri don kada ya manne wa takardar. Alamar ya yi ita ce ya yi tauri, ya yi sauƙi a hannu, in an karya ɗaya ya ce ƙas. In ya lanƙwashe bai karye ba, da sauran ruwa a ciki. A watan Agusta kuwa, sa'ad da gishiri ma yake zufa a kwano, wanda ba shi da murhun gashi gara ya haƙura.

Wanda ya ga bayolet irin na Tulus zai lura rigarsa ta fi wannan kauri, tana ƙyalli kamar tsakuwa. Akwai ƙarin mataki da masu sana'a suke yi. Bayan furen ya bushe sukan nutsar da shi a ruwan sukari wanda ya ƙoshi har ba ya iya narkar da ƙari. Mun karanta a darasin kimiyya cewa ruwa mililita 100 a digiri 20 yana narkar da sukari kamar giram 200, tafasasshe kuma yana narkar da fiye da ninki biyun haka. In aka narkar da mai yawa da zafi aka bari ya huce, rarar sai ta nemi inda za ta zauna, ta taru a kan ƙwayoyin sukarin da ke jikin furen, su yi ta girma. Bayan sa'o'i masu yawa a tsame a sake busarwa. Aiki ne mai son ƙwarewa, in ruwan bai ƙoshi sosai ba rigar farko ma narkewa za ta yi.

Zoɓorodo kuma, abin da muke jiƙawa mu sha ba fallen fure ba ne. Kwanson da yake riƙe furen yakuwa ne, wanda bayan furen ya faɗi yake kumbura ya yi ja ya rungume ƙwallon gurguzu. Yana da kauri da ruwa da yawa, burushi da barbaɗe ba za su iya da shi ba, sai dahuwa. Da kaka, lokacin da ake samun ɗanyensa, a zaɓi manya, a yanke gindin a turo ƙwallon waje ba tare da an yaga kwanson ba. A tafasa kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa, a zuba su, a rage wuta su yi kamar minti goma, a sauke a bar su su kwana a ciki don sukari ya ratsa. Kashegari a tsame a jera a kan raga su tsane na kwana ɗaya ko biyu, in sun daina manne wa yatsa sosai a mirgina su a sukari. Suna fitowa kamar 'yan jajayen rawuna, ga tsami ga zaƙi, kuma a kan farin kek babu wardin da zai nuna musu kyau. Ruwan da ya rage a tukunya a sirka shi a sha. A yi dahuwar a tukunyar da ba ta tsatsa, don baƙin ƙarfe yana dusashe jan. Wannan zoɓorodo da muke rainawa, daga Jigawa da Kano da Katsina ake lodinsa zuwa ƙasashen waje, har Meziko, inda suke shansa kamar yadda muke sha.

Tun da an taɓo launi, ga wani abin gwadawa. Sinadarin da ya ba zoɓorodo ja danginsu ɗaya da wanda ya ba bayolet shunayya da wardi nasa jan, kuma yana sauya kama. A ɗiga lemon tsami a ruwan zoɓo, jan zai ƙara haske. A jefa 'yar kanwa a wani kofin, zai yi duhu ya koma wajen shuɗi-shuɗi ko kore. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Robert Boyle, ya bayyana haka a 1664, da ruwan sukarin bayolet ma ya yi gwajinsa. Amfanin sanin wannan ga mai ado shi ne, farin ƙwai yana ɓangaren kanwa ne, musamman in ƙwan ya kwana biyu, saboda haka yakan ɗan ja jan fure zuwa shuɗi. Ƙaro ba ya yin haka.

In sun bushe a jera su a kwalba ko gwangwani busasshe mai murfi gam, a riƙa sa takarda tsakanin kowane jeri, a ajiye a wuri mai duhu. A rubuta kwanan wata a jiki, da kuma abin da aka shafa, ƙwai ko ƙaro. Kada a sa a firji. Sanyi ba ya yi musu komai, amma da an fito da kwalbar sai raɓa ta kwanta musu, aikin kwana biyu ya narke cikin minti biyar. Saboda wannan dalilin ne kuma ba a ɗora su a kan kek tun da dare. Kek yana da laima, kirim ya fi shi. A bari sai kek ya huce, lulluɓinsa ya sha iska, baƙi sun kusa zama, sannan a ɗan ɗiga kwaɓin sukari a manna kowane fure a inda ake so. Guda biyar ko bakwai da 'yan ganyen na'ana'a a gefe ɗaya sun fi kyau a kan a rufe kek ɗin duka. In an kawo tebur kuma a faɗa wa jama'a sunan furen da abin da aka shafa masa, domin akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓar ƙwai, akwai kuma masu asma waɗanda garin fure yake tayar musu da ciwo, su sai a yanka musu ta gefen da babu ado.